Kundin aiki: mayar da saƙonnin na'urar ɗakin ƙyanƙyasa cikin syslog

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Na'urar da ke lura da ɗakin ƙyanƙyasar ƙwai na kawuna ƙaramar kwamfuta ce, Raspberry Pi 4, tsarin da ke kanta kuma an gina shi ne kan Debian 12. Shirye-shirye uku ke gudana a ciki. Akwai `zafi.py`, wanda aka rubuta da Python, yana karanta zafi da laimar injinan ƙyanƙyasa biyu duk bayan daƙiƙa 30. Akwai `inbata`, da harshen C, yana tambayar inbata ta wayar siriyal nawa ya rage a batir, da kuma ko wutar gari ce ke ɗauke da lodi ko sola. Sai `ajiya.sh`, wanda cron, manhajar da ke kunna ayyuka a lokacin da aka tsara, ke tayarwa ƙarfe biyun dare ya kwafe bayanai zuwa kwamfutar ofis.

Kowanne da inda ya sa gaba. Na farko yana zuba maganarsa a `log.txt` da agogon Najeriya, na biyu a `out2.txt` da agogon UTC, na ukun kuwa ba ya rubuta komai a ko'ina. Da Kawu ya tambayi ko zafi ya sauka a daren da batir ya ƙare, sai da aka jera fayilolin biyu gefe da gefe ana ƙara awa ɗaya da ka. Ga shi `log.txt` ya kumbura har ya kusa cinye katin memori, don babu mai datse shi.

Abin da na yanke: daga yau babu shirin da zai ƙara riƙe fayil ɗin kansa. Kowa ya miƙa saƙonsa ga rajistar tsarin aiki, wato syslog. Sa lokaci, da sunan mai magana, da datse tsoffin bayanai, da tura kwafi zuwa wata kwamfuta, duk an daɗe da gama su a can. Eric Allman ne ya ƙirƙiro syslog tun shekarun 1980 saboda manhajarsa ta imel, Sendmail, sauran shirye-shirye suka ara, ya zama al'ada ba tare da wata rubutacciyar ƙa'ida ba. Sai a 2001 takardar masu tsara ƙa'idojin intanet, RFC 3164, ta rubuta abin da ake yi a aikace, a 2009 kuma RFC 5424 ta kawo tsayayyen tsari.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na fara da mai sauƙi, wato `ajiya.sh`. Umarnin `logger` na nan a na'urar:

    logger -t gwaji "ana ji na?"

Wanda ya saba da tsofaffin Debian zai garzaya `/var/log/syslog` ya tarar babu fayil ɗin. Daga Debian 12 an daina girka rsyslog, manhajar da ke rubuta wannan fayil, kai tsaye; journald, mai rajistar systemd (manhajar da ke tayar da sabis-sabis na na'ura), kaɗai ke karɓar saƙo. Shi kansa `/dev/log` da shirye-shirye ke aika wa, yanzu nuni ne kawai zuwa `/run/systemd/journal/dev-log`. Da `journalctl -t gwaji` na ga saƙon, da lokacinsa da lambar aikinsa.

A nan ne na gano dalilin shirun `ajiya.sh`. Cron yana tura duk abin da shiri ya faɗa ne ta imel, idan babu manhajar imel a na'urar sai ya rubuta `No MTA installed, discarding output` ya zubar. Ke nan duk wani ƙorafi da rsync, mai kwafe fayilolin, ya taɓa yi da daddare ya bi iska. Yanzu haka yake:

    #!/bin/bash
    set -o pipefail
    rsync -a /srv/bayanai/ ofis:/ajiya/ 2>&1 | logger -t ajiya -p local3.info \
      || logger -t ajiya -p local3.err "kwafi bai kammala ba"

Layin `pipefail` ba ado ba ne. In babu shi, sakamakon `logger` ake dubawa, shi kuwa kusan kullum lafiya yake ƙarewa, ko da rsync ya faɗi warwas. Dole kuma a kira bash a layin farko, domin dash, wanda ke gudanar da irin wannan shirin a Debian 12 in an kira `sh`, bai san wannan zaɓin ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Python. Akwai `SysLogHandler` a cikin `logging`, amma in aka kira shi hannu rabbana, ba `/dev/log` yake nufa ba. Ƙofa ta 514 ta UDP yake aika wa a kan na'urar kanta, kuma babu mai sauraro a wurin. UDP hanya ce ta aika saƙo ta netiwok ba tare da jiran amsa ba, ba ta dawo da ƙorafi, don haka shirin na tafiya sumul, babu kuskure ko ɗaya, rajista kuma fayau. Sai an faɗa masa adireshin ƙarara:

    h = logging.handlers.SysLogHandler(address="/dev/log", facility="local3")
    h.setFormatter(logging.Formatter("zafi[%(process)d]: %(message)s"))

Layi na biyu ma da dalilinsa. journald yana ɗaukar kalmar farko da ta ƙare da ɗigo biyu (`:`) a matsayin sunan mai magana. Tsoffin saƙonnin `zafi.py` da `inji1:` ko `inji2:` suke farawa, sai rajista ta ɗauka wasu shirye-shirye ne guda biyu masu waɗannan sunayen, `journalctl -t zafi` kuma ya dawo babu komai. Da aka sa sunan shirin a gaba, magana ta daidaita. Na cire lokacin da shirin ke liƙawa da kansa, tunda rajista na sawa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Yau ban rubuta layin umarni da yawa ba, amma ita ce ranar da ta fi cin tunani.

Kowane saƙon syslog yana tafiya da lambobi biyu. Ta farko sashe: kern shi ne 0, user 1, mail 2, daemon 3, haka har a zo local0 zuwa local7, wato 16 zuwa 23, waɗanda aka bar wa masu gida su yi yadda suka so. Na zaɓi local3 wa shirye-shiryen nan uku domin layi guda ya isa a kwashe su gaba ɗaya. Ta biyu matakin tsanani, daga 0 zuwa 7: emerg, alert, crit, err, warning, notice, info, debug. Ƙaramar lamba ita ce babbar magana. Ana ninka lambar sashe sau takwas a ƙara matakin, abin da ya fito shi ake liƙawa a goshin saƙo. local3 lambarsa 19, sau takwas 152, a ƙara 3 na err, ya zama 155. Na leƙa da `strace`, na ga `<155>` zaune a farkon abin da Python ya tura.

Lissafin ba wuya. Wuyar ita ce wane saƙo ya cancanci wane mataki. A tsohon `zafi.py` duk abin da ya kauce wa 37.5 ko da 0.2 ne, kuskure ake kiransa. To injin ƙyanƙyasa kullum cikin hawa da sauka yake, hita ta kunna, ta kashe, a buɗe ƙofa a ƙara ruwa. Mai gadin da ke busa usur kan kowace akuya da ta gitta, ranar da ɓarawo ya hauro babu mai ɗaga kai daga matashi.

Na zauna da yaron da ke kwana a ɗakin, don shi ne zai tashi in an ce a tashi. Na ce masa, "Wane abu ne in ya faru da tsakar dare za ka so a tashe ka?"

Ya ce, "Yaya, in zafi ya wuce 39 ko ya sauko ƙasa da 36, ko batir ya kusa mutuwa ban tayar da janareta ba. Sauran duk za su iya jiran asuba."

A kan wannan amsar na raba. Abin da ya lissafa shi ne crit. Na'urar auna zafi ta daina amsawa, ko kwafin dare ya gaza, err. Zafi ya fita daga tsakanin 37 da 38 ya daɗe a waje fiye da minti biyar, warning. Sauyin da ba matsala ba ne amma ana son a san lokacinsa, kamar komawa daga wutar gari zuwa batir, notice. Taƙaitaccen karatu duk bayan minti goma, info. Karatun kowane daƙiƙa 30 kuwa ba rajista ce wurinsa ba, yana da fayil ɗin alƙaluma nasa daban. Ra'ayina shi ne rajista ta abin da ya faru ce, ba ta kowane numfashin na'ura ba.

emerg ban ba kowa ba. journald yana watsa shi ne a kan tagar duk wanda ke cikin na'urar a lokacin, kuma ma'anarsa tsarin gaba ɗaya ya tashi daga aiki. Ƙwai sun yi sanyi babbar asara ce a wurin Kawu, amma ba ita ake nufi ba.

Wani ɗan cikas: matakai biyar Python ya sani, babu notice a ciki. In mutum ya ƙirƙiro nasa matakin, `SysLogHandler` yana mayar da duk sunan da bai gane ba ya zama warning. Sai da na ƙara `h.priority_map["NOTICE"] = "notice"`.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Shirin C. Kira uku ne kawai: `openlog`, `syslog`, `closelog`. Ƙanena da ke koyon aikin ya karɓi wannan ɓangaren, ya rubuta `syslog(LOG_INFO, layi);`. Da muka harhaɗa da `-Wformat -Wformat-security` gcc, mai harhaɗa shirin C, ya yi gargaɗi a daidai wurin. Na ce kada ya gyara tukuna, gani ya kori ji.

Saƙon da shirin ke ginawa shi ne `batir 45% saura`. Gurbi na biyu na `syslog` irin na `printf` ne, duk alamar kaso da ya gani umarni ce a wurinsa. A saƙon namu bayan alamar akwai tazara, sai harafin s na "saura". Haɗuwar `% s` kuwa ita ce "kawo rubutu na gaba", alhali babu wani na gaba da aka ba shi. Sai ya damƙo duk abin da ya tarar a wurin ya ɗauke shi a matsayin adireshin rubutu. Muna kallo shirin ya kife da `Segmentation fault`. Gyaran ƙanƙane ne:

    openlog("inbata", LOG_PID, LOG_LOCAL3);
    syslog(LOG_INFO, "%s", layi);

A namu faɗuwa ce kawai. A shirin da ke rubuta abin da baƙo ya turo ta intanet, wannan ƙofa ce da aka sha kutsawa ta cikinta. Sunan da ake ba `openlog` shi ma a bar shi tsayayyen rubutu kamar yadda yake a sama, domin ba kwafarsa ake yi ba, adireshinsa ake riƙewa.

Bayan haka wasu layukan sun riƙa fitowa a `journalctl` da `blob data` da yawan bayit maimakon rubutu. Amsar inbata tana ƙarewa da bayit biyu na tantancewa waɗanda ba haruffa ba ne, shirin kuma yana tura ta ɗanya. journald ya adana ta lafiya, nunawa ce ya ƙi sai an sa `-a`. Muka datse wutsiyar kafin aikawa. ƙ da ɗ da ɓ ba su ba da matsala ba, UTF-8 ne lafiyayye.

Talata, 25 ga Fabrairu

Daren jiya batir ya ƙare kafin asuba, na'urar ta mutu ba sallama. Da safe `journalctl --list-boots` tashi ɗaya tak ya nuna, na yau. Wanda ya fara haɗa na'urar ya sa `Storage=volatile` a `journald.conf`, da alama don tausayin katin memori. Ma'ana rajista na zaune a `/run/log/journal`, cikin RAM, wuta na ɗaukewa ta tafi da ita. Daidai daren da aka fi bukatar bayani shi ne daren da ba za a samu ba. Na mayar da shi `persistent`, na sa `SystemMaxUse=200M`. In ba a sa iyaka ba journald na iya cin kashi 10 cikin 100 na faifai, har zuwa 4G.

Da nake karanta bayanin fayil ɗin na ci karo da abin da ya sa na koma kan rabon matakai. journald ba ya tilasta rubuta kowane saƙo kan faifai nan take, `SyncIntervalSec` minti biyar ne. Amma saƙon crit, alert ko emerg yana sauka ake tilasta rubutawa. Ke nan matakin da aka ba saƙo yana iya zama shi ne zai sa a same shi bayan an ɗauke wuta ko a rasa shi. Gargaɗin farko na raguwar batir na bar shi a warning, na ƙarshen, wanda ke zuwa dab da inbata ta yanke, shi ne crit, kuma na sa ya ɗauko zafin injinan biyu a cikin layin.

Sai batun agogo. Raspberry Pi 4 ba ta da agogon da ke tafiya bayan an kashe ta. `fake-hwclock` ne ke ajiye lokaci duk awa, in ta tashi ta ɗora daga nan har intanet ya zo ya gyara. Rauta kuwa ta fi ta nawar tashi. Sakamakon shi ne saƙonnin farko bayan dawowar wuta suna ɗauke da lokacin da ya gabaci mutuwar na'urar, kamar ta tashi kafin ta faɗi. `journalctl -b -o short-monotonic` yana taimakawa, don yana ƙirga daga lokacin tashi ne, amma ba za a gaya wa Kawu "daƙiƙa 41 bayan tashi" ba. Na yi odar ƙaramin agogo DS3231 mai ɗan batirinsa. Layi guda ne a `/boot/firmware/config.txt`: `dtoverlay=i2c-rtc,ds3231`.

Juma'a, 7 ga Maris

Azumi ya rage saurin aiki. Agogon ya iso, an liƙa, lokaci ya tsaya daidai.

Wayar ma'aunin inji na biyu ta kwance garin shara. `zafi.py` in karatu ya gaza ba ya hutawa, komawa yake nan take, kowane zagaye da layin err ɗinsa. A rajista na tarar da `Suppressed` da wata doguwar lamba daga `zafi.service`. journald yana da iyaka ga kowane sabis, wadda ta fara daga saƙo 10,000 cikin daƙiƙa 30, abin da ya haura ya zubar sai tsakanin ya wuce. Akwai `LogRateLimitBurst` in ana son ɗaga iyakar, amma ban ga amfanin adana layi guda sau dubbai a kan katin memori ba. A shirin na gyara: ya faɗa sau ɗaya lokacin da matsalar ta fara, ya tuna duk bayan minti biyar tare da yawan gwajin da suka gaza, ya kuma faɗa da notice lokacin da ta warware. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, kuma in babu shi ba a sanin tsawon lokacin da aka yi a makance.

Laraba, 19 ga Maris

Tura kwafi zuwa ofis. Na girka rsyslog a na'urar saboda wannan aikin kaɗai, na ajiye fayil a `/etc/rsyslog.d/`:

    local3.* action(type="omfwd" target="192.168.8.10" port="514" protocol="tcp"
      template="RSYSLOG_SyslogProtocol23Format"
      queue.type="LinkedList" queue.filename="ofis" queue.maxDiskSpace="50m"
      queue.saveOnShutdown="on" action.resumeRetryCount="-1")
    & stop

TCP, wadda ke sanin ko ɗaya ɓangaren na saurare, na zaɓa saboda kwamfutar ofis ana kashe ta wasu darare, UDP kuwa zai ci gaba da jifa ne cikin duhu. Da layin jira, saƙonni na taruwa har ta dawo, in sun yi yawa su gangara faifai. Na cire wayar netiwok na ɗan lokaci na mayar, suka iso a jere da lokutansu na asali. Samfurin da na sa shi ne mai bin RFC 5424, domin tsohon tsarin RFC 3164 wata da rana da lokacin agogo kawai yake rubutawa, babu shekara, babu yankin lokaci. Yanzu kowane layi na ɗauke da 2025 da `+01:00`. `& stop` kuma yana hana a sake rubuta su a `/var/log/syslog`, tunda journald ya riga ya adana. `rsyslogd -N1` na duba fayil ɗin kafin a sake tayar da sabis.

Abubuwa biyu ba su gamsar da ni ba. `saveOnShutdown` sai an kashe na'ura cikin tsari yake aiki, in wuta ce ta yanke, abin da ke jira a RAM ya tafi, sai dai a koma journald a nemo. Shi ma TCP, abin da aka riga aka miƙa masa kafin waya ta katse yana iya salwanta ba tare da rsyslog ya sani ba. RELP aka yi don toshe wannan, kowane saƙo sai an amsa an karɓa. Zan duba shi bayan Sallah.

A ofis, dogon bayanin kuskuren Python mai layuka da yawa yana isowa a layi guda da `#012` a duk inda ya kamata a sauka ƙasa. Haka rsyslog ke rubuta alamar sabon layi. Ba kyan gani, amma gara haka da a warwatsa shi ya cakuɗe da na wasu.

Asabar, 5 ga Afrilu

    journalctl -t zafi -t inbata -p warning --since "2025-03-24"

Abin da wannan ya nuna: yawancin gargaɗin zafi yanzu tsakanin azahar da la'asar suke, kuma na hawa ne ba na sauka ba. Bazara ta shigo, ɗakin rufin kwano ne, inji na biyu da ke jikin bangon yamma ya fi yawan haura 38. An ja shi daga bango, an ƙara fanka. Na goge `log.txt` da `out2.txt` bayan na ajiye kwafinsu a ofis.

Ƙanena yana ganin a daina bi ta `/dev/log` a `zafi.py` ɗungurungum, tunda systemd ne ke tayar da shi kuma duk abin da ya buga yana shiga rajista. Gaskiyarsa, amma komai a info zai sauka, har da abin da ya fito ta stderr, sai an riƙa sa `<3>` ko `<4>` a farkon layi, a sa `SyslogFacility=local3`, a kuma sa `PYTHONUNBUFFERED=1` don kada Python ya riƙe layuka sai sun taru. Dogon bayanin kuskure ma zai rarrabu layi-layi. Na bar shi ya gwada a wata na'urar, mu kwatanta.

Abin da ke gaba shi ne crit ya isa wayar mai kwana a ɗakin. `omprog` na rsyslog yana miƙa saƙo ga wani shiri layi bayan layi, shi kuma ya tura tes. Dole wannan ya zauna a kan Raspberry ɗin ba a ofis ba, da modem mai layin waya nasa, domin lokacin da batir ke mutuwa rauta ma tafiya take yi. Modem ɗin bai iso ba tukuna.